Yadda Ake Canza Kulocin Tsohuwar Motar Tsere

Duk wanda yake riƙe da tsohuwar mota irin Datsun 280ZX, wadda aka ƙera tsakanin 1978 da 1983, zai gane kulocinsa ya ƙare ne ranar da ya taka totur a giya ta huɗu kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, injin ya yi ta ruri amma gudu bai ƙaru ba, sannan ƙaurin ƙuna ya shigo masa.

Wahalar aikin duka tana wajen sauke giyabos, domin kuloci yana tsakaninta da injin ne, don haka kada a buɗe mota sai kayan sun cika: faifan kuloci, murfin da ke matse shi, boris ɗin da ke sakinsa, ɗan zoben da ke tsakiyar filawil (wato babban faifan ƙarfen da ke bayan injin, wanda kuloci ke mannewa da shi), da sil ɗin bayan injin, mai hana baƙin mai yoyo. Idan ba a same su a Gusau ba, a aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kuma idan an sauke giyabos a gwada sabon faifan da tsohon ta hanyar ƙirga haƙoran tsakiyarsu. Na taɓa ganin wanda ya canza faifai kaɗai don tattali, bayan wata biyu boris ya fara kuka, aka sake sauke komai.

A cire kan batir, a ɗaga motar a ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe, domin jak shi kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne. A tsiyaye man giya, a yi wa farfela alama kafin a kwance ta, a cire salansa, da sitata, da sandar giya, sannan mutum biyu su janye giyabos a miƙe.

Nan ne ake buƙatar natsuwa. A haska fuskar filawil da tocila, a bi ta da yatsa. Idan akwai tabo mai shuɗi-shuɗi ko ƙananan tsaga, a kai ta wurin masu injin gyaran ƙarfe su daidaita ta. Idan kuma aka ga danshin baƙin mai, sil ne yake yoyo, kuma zai lalata sabon faifai. Kada a hure ƙurar da iska, domin tsofaffin faifai kan ƙunshi asbestos mai cutar da huhu. A goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Wajen haɗawa, ɓangaren faifan da cibiyarsa ta fi tudu shi ke fuskantar giyabos. A tsayar da shi daidai tsakiya da sandar saiti, a ɗaure notunan murfin kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa kishiyarsa. Giris ɗan kaɗan ya isa a kan haƙoran shaf ɗin giyabos, wato sandar da ke shiga tsakiyar faifan. Idan giyabos ta ƙi shiga, kada a jawo ta da noti. A fito da ita a sake saiti.

Daga ƙarshe a zuba man giya, a sabunta man kulocin, a fitar da iskar cikinsa har feda ta yi ƙarfi, kuma a yi tuƙi a hankali na kilomita kamar 800 kafin a matsa wa motar.