Darasi na 9: Koya wa Yaro Tambayar "Wa Ya Faɗa?"

Yaro ɗan shekara 5 zuwa 8 yakan gaskata duk abin da ya ji daga bakin babba ko daga waya. Ce masa "kada ka yarda da jita-jita" ba ya wadatarwa, sai ya ga yadda magana take lalacewa a hanya.

A fara da wasan raɗa. A jera yara shida, a raɗa wa na farko jimla ɗaya, sau ɗaya tak: "Talatu ta sayi awaki biyu a kasuwar Laraba." Kowa ya raɗa wa na kusa da shi, na ƙarshe ya faɗa da ƙarfi. Sau da yawa awakin sun zama uku, ko Talatu ta koma Larai. Kada a yi wa wanda ya kuskure dariya, in ba haka ba gobe zai ƙi wasan. A tambaye su: wa za mu koma wa mu ji daidai? Da kansu za su nuna na farko. To, shi ne tushen labari.

Daga nan sai tambayoyi uku: Wa ya faɗa? Da idonsa ya gani? Wa kuma ya faɗi haka? "An ce" ba sunan mutum ba ne.

Sai waya. A nuna wa yaro kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka yi ta turawa. Ma'anarta saƙon ya bi hannu aƙalla biyar, kamar dai layin raɗa. Sallama mai daɗi da yawan rantsuwa a saƙon murya ba hujja ba ne. A watan Agusta 2014 aka baza cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum daga Ebola. Mutane suka tashi cikin dare suna yi, wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka. Maganar lafiya, a koya wa yaro cewa ma'aikacin asibiti ake tambaya, sauran labarai kuma a jira a ji ko gidajen rediyo biyu sun kawo.

Matsalar da aka fi samu ita ce yaro ya fara ƙaryata manya gatse-gatse. A ba shi lafazin ladabi: "Baba, a ina aka ji wannan?" Idan ya tambaye ka, ka amsa ba tare da tsawa ba, ko da amsar ita ce "ban bincika ba tukuna, zo mu duba."