Darasi na Bakwai: Kiyaye Ƙananan Kifi daga Bakin Ruwa zuwa Kasuwa

Kawara, kurungu da ƙananan karfasa kifin talaka ne, ribarsu ba ta da kauri. Kwali ɗaya in ya lalace, ya cinye ribar sauran. Mai sayar da giwan ruwa yana iya sayen ƙanƙara, kilo ɗaya ga kowane kilon kifi. Mai kawara a Yawuri ko Baga kuwa, inuwa da gishiri da wuta su ne jarinsa.

Asara tun a kwalekwale take farawa. Kifin da ya mutu cikin raga da dare, kafin hantsi cikinsa ya saki. Danna shi da yatsa: in gurbin yatsan bai ciko ba, ido kuma ya yi hazo, ware shi gefe, hayaƙi ba ya gyara ruɓaɓɓe. Sauran a rufe su da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, a cire kayan ciki, a wanke da ruwa mai tsabta. Sai a jiƙa su minti 30 cikin ruwa lita 10 da aka narka gishiri kilo 1. Gishirin yana rage ƙuda, wanda ƙwansa ke zama tsutsa cikin kwana ɗaya.

Wajen banda ne aka fi yin ganganci. A bar kifin ya tsane tukuna. Awa biyu zuwa uku na farko wuta mai ƙarfi ce don ya dahu, daga nan a rage ta, a riƙa juyawa har ya bushe ƙayau. Wanda ya yi gaggawa zai ga baya ya yi baƙi, ciki da danshi, kuma cikin damina kwana kaɗan ya yi fumfuna. Murhun Chorkor, wanda aka fara a Gana, ana jera faifan waya ne bisa juna, itace kaɗan ya wadatar. Leda da tsohuwar taya ba makamashi ba ne, hayaƙinsu guba ne.

Ƙwaron da ke cin busasshen kifi yana mayar da shi gari da ƙaya. Wasu na yayyafa Sniper, gubar kashe ƙwari, a kwali. Wannan zuba wa mai saye guba ne a miya, kuma ba a yin sa ko da wasa. Maganin ƙwaro shi ne a duba kaya kowane mako, in an ga alama a mayar da su kan wuta. A bari su huce kafin a ɗaure, a ɗora kwalaye bisa katako, ba a ƙasa ba. A mota kuma kada buhun hatsi ya hau kansu, don kifin da ya farfashe sai masu abincin kaji, a wulaƙantaccen farashi.

Aikin gida: Ɗanyen kifi kilo 10 yana ba da banda wajen kilo 3. Ka sayi kilo 40. Banda kilo nawa za ka samu? In ƙwaro ya ci kilo 2, nawa za ka kai kasuwa?