Yadda ake sauraren jawabin rantsuwar shugaban Amurka kada tafi ya ɗauke maka hankali

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina koyar da Ingilishi a lise nan Maraɗi, shi ya sa duk ranar da za a rantsar da shugaban Amurka 'yan fadarmu ta unguwar Zariya suke ajiye mini kujerar da ke kusa da tele. "Mushe, yau kai ne tafinta." (Mushe shi ne "malam" a Faransanci.) Sau biyar na yi musu wannan aiki, daga 2009 zuwa 2025, kuma a karon farko na sha kunya. Obama ya ce ga shi yau yana rantsuwa mafi girma a ƙasar da, ƙasa da shekara 60 baya, mai yiwuwa da mahaifinsa ya shiga gidan abinci ba za a sayar masa ba. Ina gama juya wannan zuwa Hausa na miƙe tsaye, kofin shayi a hannu, na ce jama'a wariyar launin fata ta ƙare. Wani dattijo tsohon ɗan kasuwar gyaɗa, da ke kishingiɗe a tabarma ya rufe kai da mayafi saboda hunturu, ya ce, "Mushe, ranar ɗaurin aure kowa alheri yake faɗi. Bari a tare tukuna." Na ce, "Gaskiya ne, Baba Alhaji," na zauna. Dabarun da zan ba ka daga wannan zaman na fara tara su.

Fara da sanin lokaci. Ranar 20 ga Janairu ake yi, tun 1937. Kafin nan 4 ga Maris ne. Sha biyun rana a Washinton shida na yamma ce a nan, wato kana tsakiyar jawabi ladan zai kira magariba, in ma kuran, wato lantarki, bai riga shi ɗaukewa ba. Tashi ka yi sallarka, ba abin da ya wuce ka. Rantsuwar kanta kalma 35 ce da tsarin mulki ya tanada, jawabin kuwa al'ada ce kawai. Kashegari ka sauke rubutaccensa daga intanet, ka kai wa masu kwamfuta su buga maka a takarda, ka nemi jan biro. A kan takarda babu tafi, babu kaɗe-kaɗen soja.

Aikin farko na jan biron shi ne ka zagaye duk inda ya ce "mu", ka tambayi kanka su wa ke cikin wannan "mu" ɗin. Mafi kyawun wurin gwada hannu shi ne jawabai biyu na Abraham Lincoln. A na 4 ga Maris 1861 ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da niyyar taɓa bauta a jihohin da ake yin ta. Bayi wajen miliyan huɗu suna ƙasar, amma maganar tsakanin farare ce, Arewa tana lallashin Kudu kada ta ɓalle. Shekara huɗu bayan nan, yaƙin basasa ya ci mutum sama da dubu 600, mutumin nan ya dawo da jawabi na kalma wajen 700 kacal. Ya ce ɗaya cikin takwas na mutanen ƙasar bayi ne baƙar fata, kuma kowa ya san batunsu ne sanadin yaƙin. Ya ce in Allah ya so yaƙin ya ci gaba har dukiyar da aka tara da gumin bawa na shekara 250 ta nutse, har kowane ɗigon jini da bulala ta fitar a biya shi da wanda takobi ya fitar, to hukuncin Allah gaskiya ne. Karanta wannan a hankali sau biyu. Shugaba ne, a ranar murnarsa, yake gaya wa mutanensa cewa alhaki ne ke bin su. Frederick Douglass, wanda shi kansa daga bauta ya tsere, yana cikin taron. Mako shida ba su cika ba sosai aka harbe Lincoln. Ni a wurina har yau babu jawabin da ya kamo ƙafar wannan, kuma da shi nake auna sauran.

Bayan "mu", nemi abin da aka tsallake. Wannan ya fi wuya, don ba ka iya zagaye abin da ba a rubuta ba, sai in ka san abin da ke faruwa a titi a wannan shekarar. Ɗauki na John Kennedy, 20 ga Janairu 1961. Mu 'yan Nijar muna da dalilin son sa: wata biyar da samun 'yancinmu ya yi wa sababbin ƙasashe maraba, ya yi wa mutanen bukkoki da ƙauyuka alkawarin taimako, ga kuma gadar Yamai da ke ɗauke da sunansa. To amma nemi baƙar fatar ƙasarsa a ciki. Shekara guda ke nan ɗalibai suna zaman dirshan a gidajen abincin Kudu ana jan su a ƙasa, shi kuwa abin da ya ba su bai wuce cewa Amurka ta riƙi haƙƙin ɗan Adam "a gida" da sauran duniya ba. Cikin wannan shekarar aka hana jakadan Chadi abinci a wani gidan abinci na jihar Maryland saboda fatarsa. In ka ga shugaba ya zuba zance kan zaluncin nesa ya yi tsit kan na bayan gidansa, ja layi a gefen takarda.

Shi kuwa wanda bai ɓoye ba, ba ya ba ka wahala. George Wallace, ranar da ya hau gwamnan Alabama a Janairun 1963, cewa ya yi wariya yau, wariya gobe, wariya har abada.

Kada ka manta da idonka. Dandalin ma magana yake yi: wa ya yi addu'a, wane littafi aka dafa. A 2013 bikin ya faɗo ranar 21 ga wata, ranar hutun tunawa da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, sai Obama ya dafa Baibul biyu, na Lincoln da na King. Wadda ta buɗe taro da addu'a ita ce Myrlie Evers-Williams, matar Medgar Evers da aka harbe a ƙofar gidansa a Mississippi cikin 1963 saboda fafutukar 'yancin baƙar fata. Wanda bai san ta ba tsohuwa kawai zai gani da makirufo. Kamar a fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ne ranar sallah, inda aka zaunar da mutum ya gaya maka matsayinsa tun maroƙi bai buɗe baki ba.

Yanzu ga maganar Baba Alhaji, wato tarewa. Ka rubuta kwanan wata a saman takardar, ka ajiye ta cikin akwati, ka bar bayanta fari. Duk abin da aka sa wa hannu ko kotu ta yanke a shekarar, ka ɗauko ka rubuta a bayan. Shugaba Lyndon Johnson ya ce a Janairun 1965 duk ɗan ƙasar da ya ƙi ɗan'uwansa don launinsu ba ɗaya ba ne ya ci amanar Amurka. Ranar 7 ga Maris 'yan sanda suka lakaɗa wa masu tattakin neman ƙuri'a duka a gadar Selma, aka fasa wa John Lewis, ɗaya daga jagororin tattakin, kai. Ranar 6 ga Agusta Johnson ya sa hannu a dokar kare 'yancin zaɓe. Wannan takarda bayanta ya yi kyau. Ta Obama ta 2013 fa? Ya ambaci Selma da sunanta a jawabi, mutane suka yi ta share hawaye, sai ga shi ranar 25 ga Yuni Kotun Ƙoli, alƙalai biyar a kan huɗu, ta karya ƙashin bayan waccan dokar ta 1965, aka daina tilasta wa jihohin da suka yi ƙaurin suna neman izini kafin su sauya dokar zaɓe. Ba shi ya yi ba, amma daɗin bakinsa bai hana ba.

Sunan King kuma ka yi hattara da shi, ya zama rigar aro, kowa sa ta yake. Mafarkinsa na 28 ga Agusta 1963, cewa a auna 'ya'yansa da halinsu ba da fatarsu ba, ɓangarori biyu ke ja. Joe Biden a 2021 ya kira aƙidar fifita farar fata da sunanta, ya ce kukan neman adalci ya kusa shekara 400. Donald Trump a 2025, ranar King ita ma, ya gode wa baƙar fata da suka zaɓe shi, ya ce za a cika mafarkin King, a gina al'ummar da ba ta kallon launi sai cancanta. A ranar ya soke shirye-shiryen gwamnati na jawo waɗanda aka bari a baya, kashegari ya soke umarnin Johnson na 1965 da ya ɗora wa 'yan kwangilar gwamnati nauyin ɗaukar ma'aikata ba wariya. Magoya bayansa sun ce hakan shi ne adalci. Ni dai ina ganin wanda aka ɗaure wa ƙafa shekara da shekaru, kwance igiyar kawai ba ta sa ya kamo wanda ya riga shi nisa. Kai ma ka yanke naka, amma bayan ka karanta fuska biyu na takardar.

In kai ne tafintan fadarku, kada ka juya maganar launi da kalmar "ƙabila". Na taɓa yi, yaran suka ɗauka abu ne kamar wasan Bagobiri da Bayarabe. Ka ce launin fata, ka ce bauta, ka ce jikokin bayi, don su san zancen mutanen da aka saya aka sayar ake yi. Kuma ka shirya, don da zarar ka furta "bauta" wani zai ce Allah ya tsine wa Turawa, ya ɗauka ya gama. Nan ne nake tuna musu cewa sai 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu, kuma a Oktoban 2008, kwana takwas kafin zaɓen Obama, kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a Yamai ta ba Hadijatou Mani gaskiya. An sayar da ita tana shekara 12, kotu ta ce ƙasa ta kasa kare ta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Fada takan yi shiru a nan, sai ƙarar buta a kan gawayi. Har yau akwai gidajen da in an zo neman aure ake fara binciken asalin kaka a ɓoye, mun san su.

Na gaba zai faɗo ranar Asabar, 20 ga Janairu 2029. Baba Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa. Takarduna biyar suna cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, ta 2025 har yanzu da sauran wuri a bayanta, kuma na ce wa yaran fada wannan karon ɗayansu ne zai zauna kusa da tele, ni in riƙe biro.