Yadda ake bin layin hadi da keke in za ki dinka bargon kyallaye

In kin gama harhada kyallayen atamfa kin samu fuskar bargonki, saura aikin da yake sa masu koyo da yawa su nade kayan su cusa a karkashin gado, wato hada fuska da auduga da yadin baya su zama abu daya. Hanya mafi sauki ita ce ki bi layin da kika riga kika dinka, allura ta rika sauka daidai cikin dan kwarin nan da ke tsakanin kyalle da kyalle, ba sai kin zana komai da alli ba. In ya yi kyau ma ba a ganin zaren sam.

Amma fa tun daga guga ake cin nasara ko a fadi. Duk inda kika hada kyalle biyu akwai bakin yadi da ya rage a baya, to ki kwantar da su duka biyun gefe guda da dutsen guga, an fi so wajen kyallen da ya fi duhu don kar ya nuna ta sama. Kar ki bude su daya nan daya can. In kika bude, tsakiyar ba yadi, zaren hadi ne kawai, allura za ta rika sauka kan zare tana tsinka shi, bayan wanki kadan sai ki ga auduga tana lekowa. In kuwa kin kwantar gefe daya, shafa da yatsa ki ji, bangare guda ya yi tudu dayan ya yi kasa. A na kasan za ki dinka, dab da gindin tudun, in an gama tudun ya rufe zaren.

Sai shimfida. Yadin baya a kasa fuskarsa na kallon kasa, ki ja shi ya mike ki manne gefensa da salatif a tebur ko siminti mai tsabta, ya mike kawai ba ya dame kamar ganga ba. Ki dora auduga ko faiba mara kauri, sannan fuskar. Baya da auduga su fi fuskar girma da kamar inci 3 zuwa 4 kowane gefe, saboda dinki yana cin yadi. Ki kafa fil mai kullewa daga tsakiya zuwa waje, tazarar fadin tafin hannu, kuma kar ki kafa su kan layin da za ki bi. Masu ganin fil bata lokaci ne, su ne dai suke kwana warwara.

Keken kuma, hakoran da ke karkashi suna jan yadin kasa ne kawai, kafar da ke sama dannewa take, shi ya sa in abu ya kai hawa uku na kasa yana gaba na sama yana baya har ya tattare. Akwai kafa ta musamman mai nata hakoran, wokin fut ake ce mata, tana jan sama da kasa tare, in kin samu wadda ta dace da kekenki ki saya, kudinki bai tafi a banza ba. In bakin keken nan ne irin Butterfly ko tsohon Singer kuma ba ki da ita, akwai sukurun da ke can sama daidai kan sandar kafar, ki dan sassauta shi nauyin dannewa ya ragu. Allura sabuwa lamba 14, tsawon dinki milimita 2.5 zuwa 3, a tsohon keke wajen lamba 8 zuwa 10 kenan. Zaren sama ya saje da kyallayen, in kala sun yi yawa irin na atamfa toka-toka yana bacewa a ciki sosai, na bobin kuma, wato zaren kasa, ya bi kalar baya. Ki fara gwadawa a dan guntu mai hawa uku tukuna.

Layin tsakiya za ki fara, daga sama har kasa. Ki nannade bangaren dama ya shige cikin hannun keke, sauran ya hau tebur ko kujera, kar ya rataya kasa don nauyinsa zai ja layin ya karkace. Kafin ki taka, ki rike zaren sama ki juya wilin da ke gefen keken da hannu sau daya ki jawo na bobin ya fito sama, in ba haka ba zai yi miki kulli a baya. Hannu biyu a gefen allura kina dan ware kyallayen biyu kadan kadan don kwarin ya fito, ba ja ba ba turawa, keke shi zai tafi da kayansa. Idonki kuma kar ya tsaya kan allura, ki kalli kamar inci daya gabanta, kuma a hankali don Allah, wannan ba dinkin sallah ba ne.

Inda kyallaye hudu suka hadu sau da yawa tudun yana komawa daya gefen, to ki tsaya allura na ciki, ki gyara zama, ki dan karkata ki koma bangaren kasa. In za ki tsaya ko cire fil, kullum allura ta kasance a ciki. In kin dan haura tudu da taki biyu uku ki wuce abinki, bayan wanki ba mai gani.

Kin gama na tsakiya, ki yi wanda ya gicciye shi, sannan ki rika fita waje layi bayan layi, kina leka baya lokaci-lokaci ko ya tattare. Ba dole ki bi kowane hadi ba, amma kar ki bar fili sama da inci 4 zuwa 6 ba dinki, auduga tana dunkulewa a wanki. Karshe ki yanke rarar auduga da baya daidai da fuska, sai daurin baki.