Yadda ake rage ko daidaita girman hoto: na waya daban, na bugawa daban

Jama'a hoton da ya yi kyau a fuskar waya ba lallai ya yi kyau a takarda ba, shi ya sa za ka ga an buga katin biki fuskar amarya ta fito dishi-dishi, gefen gyalenta duk ya zama ƴan murabba'i. Hoto ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma yawansu shi ne komai.

Kafin ka taɓa komai, yi kwafi. Asalin hoton ka ajiye shi gefe, a kan kwafin za ka yi aiki, domin idan ka rage hoto ka yi sabin a kansa, fiksel ɗin da suka tafi sun tafi kenan, ba manhajar da za ta dawo maka da su yadda suke.

Sai ka duba girmansa, a waya ka buɗe hoton ka shiga bayanansa, za ka ga lamba kamar 4000 x 3000, wannan kyamara mai megafiksel 12 kenan.

Idan na allo ne aikin ba wuya. Status na WhatsApp 1080 x 1920 ya isa, Instagram faɗin 1080. A kwamfuta buɗe hoton da Paint, danna Resize, zaɓi Pixels, ka tabbata akwatin nan mai riƙe daidaiton tsawo da faɗi yana kunne, sai ka rubuta lamba ɗaya kawai ɗayar za ta gyara kanta. In ka kashe shi mutum zai fito a miƙe ko a baje, dan Allah a daina yi wa hotunan mutane haka. Fotal ɗin makaranta ko na neman aiki da ya ce kar fasfo ya wuce 50KB, fara yanke hoton ya rage kai da kafaɗa, sannan ka rage fiksel, ka yi sabin a JPEG ba PNG ba don PNG ya fi nauyi, in har yanzu ya yi yawa ka ɗan sauke ingancin kaɗan-kaɗan kana duba fuskar.

Na bugawa kuma lissafi ne, kuma nan ne aka fi yin asara. Abin da za a riƙe a hannu ana so fiksel 300 a kowane inci, shi ne DPI da masu firintin ke faɗa. To sai ka ninka incin da 300. Hoton inci 4 da 6 yana buƙatar 1200 x 1800, takardar A4 cikakkiya 2480 x 3508, fasfo mai milimita 35 da 45 kuwa 413 x 531 ne, na bizar Amurka inci 2 da 2 wato 600 x 600. Hoton nan na 4000 x 3000 zai kai wajen inci 13 da 10 tsaf. In fiksel ɗinka ba su kai ba, gara ka buga shi ƙarami, don rubuta 300 a akwatin DPI ba ya ƙara komai, ja shi da ƙarfi kuma dusashewa kawai zai yi. Babbar fosta ta bakin titi ita ce ke da sassauci, tunda daga nesa ake kallo, DPI 100 ma ko ƙasa da haka yana wucewa.

Wajen turawa mai firintin kar ka tura shi a matsayin hoto ta WhatsApp, yana matse shi, ko maɓallin HD da suka kawo a 2023 ma yana ɗan ragewa. Tura shi a matsayin Document ko ka kai a filas, kuma kar ka ɗauko daga Facebook ko sikirinshot. In aikin mai yawa ne kamar kati ɗari biyar, ka ce a fara buga maka guda ɗaya ka duba fuska da rubutu a haske kafin a saki sauran.