Darasi na Tara: Me Ya Sa Turai Ta Daina Sayen Wakenmu?

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. Wanda ya taɓa shiga Kasuwar Dawanau a Kano bayan kaka ya ga buhuna jibge kamar tsauni. Amma tun shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana a shigar mata da busasshen wake daga Najeriya. A 2016 ta ƙara wa'adin hanin da shekara uku, daga baya ma ta sake ƙarawa.

Dalilin yana cikin ɗakin ajiyarmu. Da aka gwada waken da aka kai can, sai aka tarar da maganin ƙwari mai suna dichlorvos, wato irin wanda muke kira fiya-fiya. Dokar Turai ta ce kada ragowar wannan magani ta wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya. Mu yi lissafi tare. Miligiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na giram. Ke nan a buhu mai kilo 100, miligiram ɗaya kacal aka yarda da shi, abin da ido ma da ƙyar zai gani. To, ina ga wanda ya tsiyaya murfin kwalba guda ya cakuɗa da waken?

Ba mugunta ce ke sa mutane yin haka ba. Manomi ya sha rana wata uku, ya zuba wakensa a buhu, kafin bazara ƙwari sun huda shi ya koma gari. Dole ya nemi mafita. Sai dai wannan magani guba ne, kuma waken da Bature ya ƙi, shi ne ake yi wa 'ya'yanmu ƙosai da alala da shi. Wannan ya fi damuna fiye da asarar kasuwar.

Kowace ƙasa tana da ikon kafa sharaɗi a kan abincin da zai shigo mata, muddin don kare lafiya ne. A nan gida, hukumar NAQS ce ke duba kayan gona ta ba da takardar shaidar lafiyarsu kafin a fitar da su, NAFDAC kuma na sa ido kan abinci da magunguna. Takarda dai ba ta cire guba. Idan an sami magani a kaya kaɗan, sunan ƙasar duka ne ke ɓaci, har da manomin da bai taɓa sayen fiya-fiya ba.

Akwai hanyar ajiya da ba ta buƙatar magani ko ɗigo: buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ka shanya wake ya bushe sarai. Ka ciji ƙwaya ɗaya, in ta fashe da ƙara, ya yi. Ka sheƙe shi, ka duba ledojin ko akwai huji. Ka zuba a ledar ciki, ka matse iska, ka murɗe baki ka ɗaure. Sannan ka ɗaure leda ta biyu daban, buhun waje ma daban. Iska na ƙarewa, ƙwarin ciki za su mutu. Kada ka riƙa buɗewa kana leƙawa, kuma ka ɗora buhun a kan katako, nesa da ɓera. Jarka ko duro mai murfin da ke rufuwa ruf shi ma yana yi, in an cika shi har baki.

Aikin gida: Idan ɗan kasuwa yana da buhu 20 masu kilo 100, miligiram nawa dokar Turai ta yarda a samu a cikinsu duka? Rubuta amsar a littafinka, sannan ka rubuta jimla uku a kan yadda ake ajiye wake a gidanku.