Darasi na 9: Sayen Motar Hannu a Karon Farko

Motata ta farko da yamma na saye ta, dab da magariba. An wanke ta, an shafa wa tayoyinta mai, an fesa turare a ciki. Da dillalin ya murɗa makulli sai ta tashi nan take, injin yana kaɗawa a hankali. Na biya, na tuƙa ta zuwa gida ina jin daɗi, yara suka fito suna tsalle. Washegari da asuba na zo in tayar da ita, ta ƙi. Da ƙyar ta tashi bayan maƙwabta sun tura ni, kuma shuɗin hayaƙi ya cika layinmu. Ashe kafin in iso jiya an daɗe da kunna ta, injin ya yi zafi, ciwonsa ya ɓuya. Wata uku ta yi a garejin bakanike, kuɗin da na ajiye domin abincin gida suka tafi wajen gyaran inji.

Saboda kada wani a cikinku ya sha abin da na sha aka rubuta wannan darasi.

Kada ka kai duk kuɗinka kasuwa

Ranar da ka biya kuɗin mota, ranar ta fara cin kuɗinka. Za ka juye baƙin mai, domin ba ka san yaushe aka canja na ciki ba. Wataƙila taya biyu sun suɗe. Wataƙila batir ya kusa mutuwa. Ga canjin takardu, ga lasin tuƙi, ga inshora. Inshorar da doka ta wajabta wa motar gida a Najeriya ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 tun watan Janairu na 2023. Sai kuma fetur. Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a gidajen mai na gwamnati. A cikin 2024 ta haura naira 1,000. Motar da take shan mai kamar raƙumi, ko kyauta aka ba ka ita, ajiye ta za ka yi a ƙofar gida kaji su kwana a ƙarƙashinta.

Shawarata ita ce ka raba kuɗinka kashi biyar. Kashi huɗu ka nemi mota da su, kashi ɗaya ka bar shi a gida, kada ma dillali ya san da shi.

Wace iri?

Motar hannu iri biyu ce a kasuwarmu. Akwai wadda aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita, ita ce ake kira 'yar Beljiyam ko tokumbo. Akwai kuma wadda aka hau a nan gida, ta fi araha, amma ta sha ramukan hanyoyinmu da hannun kanikawa iri-iri. Mai ƙaramin ƙarfi yawanci ta gida yake iya saye, kuma babu laifi, in dai an duba ta da kyau.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: in ta lalace, wa zai gyara ta, kuma ina za a sami kayanta? Ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar kayan gyara ta garinku, ka tambayi kuɗin fitila, da famfon mai, da shokozoba na motar da kake so. In masu shago uku a jere suka ce sai an aiko daga Legas, to ka haƙura da ita. Dalilin da ya sa tsofaffin Toyota Corolla da Camry da Honda Civic da Golf suke riƙe darajarsu ke nan: kowane bakanike ya san cikinsu, kayansu kuma suna ko'ina. Haka Peugeot ta yi zamaninta a Arewa, domin tun 1975 ake harhaɗa ta a Kaduna, har a ƙauye ana samun mai gyaran 504.

Za ka ga babbar motar alfarma, kujerun fata, an sa mata kuɗi daidai da na ƙaramar Corolla. Zuciya za ta kwaɗaitu. Ka tambayi kanka me ya sa mai ita yake neman rabuwa da ita a wannan farashi. Ƙaramar mota mai silinda huɗu ta ishi mai koyo. In ka iya giyar hannu, gyaranta ya fi na otomatik sauƙin kuɗi.

Ranar dubawa

Ka je da safe, rana ta fito, kuma ka je da bakanikenka, wanda kai za ka biya shi ladan ranar. Bakaniken da dillali ya kawo, dillali yake yi wa aiki. Tun a waya ka ce kada a tayar da motar sai kun iso. Da kun isa, a buɗe bonet, ka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, ku dawo gobe.

Kwanakin baya na raka ƙanena duba wata mota. Bakanikenmu, dattijo ne, bai ko kalli fentin ba. Ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ya juya shi, ya miƙo wa ƙanena.

"Alhaji ƙarami, me ka gani a nan?"

"Baba, wani abu ne fari-fari, kamar kindirmo."

"To ruwa ne yake haɗuwa da mai. Gaskit ya ƙone, ko kan injin ya tsage. Mu tafi."

Dillalin ya biyo mu yana cewa zai rage dubu ɗari biyu. Baba bai waiwaya ba.

In murfin yana da tsabta, sai a duba ruwan lagireto tun injin yana da sanyi, kada a ga mai yana yawo a kansa. Daga nan ka shiga ka murɗa makulli rabi, ba tare da ka tayar ba. Fitilun dashbod duka su kama, har da mai hoton inji da mai hoton butar mai. In ka tayar, su mutu. Fitilar da ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa cire ƙwanta aka yi don kada ta tona asiri. Wani ya tsaya a baya ya kalli salansa. Shuɗin hayaƙi yana nufin injin yana ƙona baƙin mai. Baƙi yana nufin fetur ya yi yawa. Fari mai kauri wanda bai daina fita ba bayan injin ya yi zafi, ruwa ne yake shiga inda bai kamata ba.

Sannan jiki. Ka tsuguna a gefen mota ka kalli tsawonta, fentin da aka sake yakan bambanta da na asali a hasken rana. Ka ɗora ɗan maganaɗisu a ƙofofi da gefuna. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, an cike wurin ne bayan haɗari. Ka leƙa ƙarƙashi, domin motocin ƙasashen sanyi sukan yi tsatsa saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina. Warin danshi da busasshen taɓo alamar ambaliya ta taɓa cinye ta, kuma irin wannan mota wayoyinta ba sa daina ba da wahala.

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da suke nuna lokacin da aka yi ta. In ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Lambar tafiya da ke dashbod kuwa kada ka dogara da ita, ana mayar da ita baya. Suɗewar sitiyari da abin taka birki da kujerar direba sun fi ta gaskiya.

A ƙarshe a hau ta. A kashe rediyo, a bi titi mai kyau, a bi mai gargada, a taka birki da ƙarfi, a shiga kowace giya har da ta baya. Bayan an tsaya, a matsar da ita a duba ƙasa ko wani abu ya ɗiga.

Takardu

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Yawanci tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka karanta ta da bakinka, ɗaya bayan ɗaya, wani yana bin ta takarda da yatsa. Harafi ɗaya in ya saɓa, kada ka biya. Ka nemi takardar kwastan ta biyan kuɗin fito. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma motar da aka yi fasa-ƙwaurinta ana iya ƙwace ta a hannunka a kan hanya, ko da shekara nawa ka yi da ita. Ka ga mai motar ido da ido, sunansa ya dace da na takarda. A rubuta yarjejeniyar ciniki, shaidu biyu su sa hannu, kuma ka biya ta banki domin shaida ta zauna. Motar da aka ce takardunta za su biyo baya, a bar ta har su iso.

Aikin gida

Kana da naira 4,000,000. In ka ajiye kashi ɗaya cikin biyar, nawa za ka kai kasuwa?

Wata mota tana cin kilomita 10 da lita ɗaya, wata kuma kilomita 6. Kana tafiyar kilomita 30 kullum. Tambayi kuɗin lita a gidan man unguwarku, ka lissafa abin da kowace za ta sha a kwana 30.

Nemi izinin wani mai mota, ka kwafo lambar shasinsa da lambobi huɗu na taya ɗaya a littafinka. Mako mai zuwa kowa zai karanta nasa a gaban aji.